Kuɗin tallafin tsofaffi da holide, wa ke tsara wannan abin ne?

Wai don Allah babu kalanda ne a ofisoshin nan? Duk sanda holide ya matso sai an jefa tsofaffinmu cikin wahala kan ɗan kuɗin da ko buhun shinkafa bai saya ba. Kirsimeti 25 ga Disamba take tun kafin a haife mu, washegari ma hutu, 1 ga Janairu hutu, ranar manoma Juma'ar farko ta Disamba, 6 ga Maris ranar 'yancin kan Ghana ko ɗan firamare ya sani. Sallah ce kaɗai ake jiran wata, ita ma ai an san satinta. To me zai hana a sallami mutane kafin a kulle ƙofa?

Tallafin LEAP nake nufi, kuɗin da gwamnatin Ghana ke ba talakawa, wanda aka fara a 2008, ana biya duk wata biyu ga tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama marasa mai taimako, da masu riƙon marayu, da naƙasassu. Da can ma'aikatan gidan waya ke zuwa da kuɗin a hannu, kowa ya dangwala ya karɓa. Yanzu katin e-zwich ne, sai mashin ya karanta yatsanka. Aka ce mana ci gaba ne, to mun ji.

Akwai wata tsohuwa a gidanmu nan Aboabo a Kumasi, jikoki marayu take riƙo, ni ke raka ta saboda ƙafa. Ana gobe jajiberin Sallah muka hau pragya, keken nan mai ƙafa uku, muka je inda ake biya, ba zan kama suna ba, layi har bakin titi, rana kamar ta fasa kai, ba benci ba rumfa, ga azumi a bakin mutane, can wajen azahar wani yaro da taye ya leƙo ya ce netwok ya ɗauke, "Maame ku dawo bayan holide." Bayan holide! Kuɗin da za ta sai wa yara ko silifas ne da ɗan naman miya, in Sallah ta wuce uban me zai mata? Wata kuma da ta samu shiga mashin ya ƙi yatsanta, shekara da shekaru tana wanki da tuƙa koko zanen ya goge, suna ta ce mata goga a goshi, goga a goshi, har ta fashe da kuka.

Kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne sanarwa. Takarda ɗaya da Turanci a manne jikin get, wa zai karanta? Ga gidajen rediyo cike da Kumasi masu shiri da Hausa da Twi, ga limamai ranar Juma'a, ga sarakunan zango, ga asambuliman, wato kansilan unguwa, da lokacin kamfen har ɗakin tsohuwa ya sani. Amma a'a, sai ta ci bashin kuɗin mota ta je ta tarar da kwaɗo a ƙofa.

Ku ma'aikatan ofisoshin nan albashinku yana shiga kafin hutu, wallahi mun sani, muna ganinku a kasuwar Kejetia da ledoji. In mashin ɗinku ba zai ɗauki taro ba ku raba ranaku, Asawase yau, Aboabo gobe, Sabon Zango jibi, ku gama sati guda kafin Sallah. Kuma ku ajiye benci, haba!