Kun karɓi kuɗin tikitina, kun rufe min ƙofar katin shekara

Tun da muka dawo daga Orlando raina a ɓace yake, kuma har yanzu da nake wannan rubutu ƙirjina bai huce ba. Kusan awa 7 na yi ina tuƙi daga Atlanta a kan titin I-75, da uwargida da yara uku, muka nufi wani babban wurin wasanni na jihar Florida a hutun ƙarshen shekarar 2021. Da lissafina na fita, ba da ka ba.

Duk mai zuwa waɗannan wurare ya san tsarin. Ka sayi tikitin kwana huɗu ko biyar, ka shiga ka gani da idonka. In wurin ya kwanta maka, kafin ranarka ta ƙarshe ta wuce sai ka je tagar masu kula da baƙi, a lissafa abin da ka riga ka biya, ka yi ciko, a mayar maka da tikitin ya zama katin shekara, wato katin shiga wurin na tsawon shekara guda. Shekara da shekaru haka ake yi. A kan wannan na sayi tikitin mutum biyar a watan Oktoba, sama da dala 2,000, lokacin kuwa katin shekara yana kasuwa. Na ma buga waya na tambaya, aka ce min in dai ana sayarwa ranar da na zo, babu matsala. Ban kawo komai a raina ba game da wannan "in dai" ɗin.

Rana ta uku da yamma na shiga layi. Minti 40 ina tsaye, autarmu tana barci a kafaɗata, yawunta ya jiƙa min riga, rasit biyar a hannuna na ninke su har sun yi laushi. Da na isa taga, yarinyar da ke aiki ta duba kwamfuta, ta ɗago kai ta ce an dakatar da sayar da sabon katin shekara tun watan Nuwamba. Na ce ni ba sabon ciniki na zo yi ba, ciko na kawo a kan tikitin da kuka riga kuka ci kuɗinsa. Ta ce a wurinsu mayar da tikiti kati daidai yake da sayen sabo. Na ce to yaushe za a buɗe? Ta ce ba a gaya musu ba. Na ce a rubuta min darajar tikitina a ajiye, ranar da aka buɗe in zo in cika. Ta ce da zarar kwanakina sun ƙare, tikitin ya mutu.

Ba na ganin laifinta ko kaɗan. Ita aka tura gaba ta sha fushin iyaye, waɗanda suka yanke hukuncin suna can ofis babu mai ganin fuskarsu.

Hujjarsu wai cunkoso ne. Na yarda annobar korona ta girgiza kowa, an rufe wuraren wasan Orlando a watan Maris na 2020, da aka buɗe kuma sai da ƙayyade yawan masu shiga. To amma in cunkoso ne damuwarku, me ya sa tagar da ke kusa da ni take ta sayar da tikitin kwana ɗaya ga duk wanda ya miƙo katin banki? Ni da ke tsaye a cikin wurin, na riga na shiga ƙidayarku. Mai tsohon kati ana sabunta masa ba gardama. Mazaunin Florida an bar masa ƙaramin kati mai araha. Ni da na taso daga jihar Jojiya, maƙwabciyarku, ni ne zan cika muku wuri? Maganar gaskiya mai katin shekara yana zuwa sau da yawa a kan kuɗi ɗaya, mai tikitin kwana kuwa duk zuwa sai ya zube sabon kuɗi, har da kuɗin ajiye mota kowace rana, wanda dala 25 ne a 2021. Wannan kuka fi so. Ku fito fili ku faɗa, ku daina fakewa da guzuma kuna harbin karsana.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne shirun da suka yi. Suna da lambar wayata, suna da adireshina na imel, kullum sai sun aiko min da tallan otal da na abinci. Saƙo ɗaya tak, cewa ga ranar da za a rufe, mai son ciko ya hanzarta, ya gagare su. Da na sani tun a Nuwamba, wallahi a ranar zan biya. Ko kuwa su ce duk wanda ya sayi tikiti kafin dakatarwa yana nan a kan tsohon sharaɗi. Me wannan zai rage musu?

Da na koma inda suke zaune, uwargida ta kalli fuskata ta ce, "Maigida, lafiya?" Kafin in ba ta amsa babban ɗana ya riƙo hannuna, ya ce, "Abba, an ba mu katin? Za mu dawo hutun bazara ko?" Ni na yi masa wannan alkawari tun muna gida, don ya dage da karatu, kuma ya dage. Na rasa ta inda zan fara yi wa yaro ɗan shekara 9 bayani.

Na rubuta musu takarda sau biyu. Buƙatata ɗaya ce: a riƙe min darajar tikitin nan biyar har ranar da za a buɗe sayarwa, in zo in yi cikona. Amsar da ta zo duka biyun iri ɗaya ce, kalma bayan kalma, ana gode min da ziyara. Rasit ɗin suna nan cikin ambulan a durowata, gobe kuma zan aika ta uku.