Yadda Oga ya karanta jerin ayyukana a majigi

Toh jama'a, masu turo mini saƙo kuna tambayar me ya faru a mitin ɗin Litinin, ga shi zan faɗa sau ɗaya, dan Allah kar wanda ya ƙara tare ni a matakala yana murmushi.

Kun dai san halin Oga in ya je taron bita ya dawo. Wannan karon abin da ya ɗebo mana shi ne wai an daina rabon aiki a WhatsApp, an daina "ai na gaya maka a bakin masallaci", komai sai a allon ayyuka a shafinmu na cikin gida, wannan dai da yake buɗe kansa da ka kunna kwamfutar ofis, wanda ba abin da muke leƙawa a ciki sai ranakun hutu da sanarwar wanda aka yi wa haihuwa. A kan SharePoint yake, manhajar Microsoft ta shafukan ofis, tun kullen korona na 2020 aka haɗa mana shi tare da Teams na yin mitin ta intanet, sai yanzu aka tuna da shi. Yaron kwamfuta na ofishinmu ya liƙa Planner, wato allon ayyukan, a tsakiyar shafin. Abin kati-kati ne, kowane aiki da katinsa, a maƙala sunan mai yi, a sa ranar gamawa, in ranar ta wuce ba ka danna an gama ba sai kwanan watan ya koma ja. Yaron ya yanka allon layi-layi, kowa da sunansa a saman nasa. Na tambaye shi, na ce wannan mai sunana fa? Ya ce "naka ne Yaya, ka zuba duk abin da kake so." A gaban Hajiyar akawu ya faɗa, ku tambaye ta.

Ni kuma mutumin Mararaba ne, daga gida zuwa Nyanya zuwa AYA kafin a shiga Wuse 2 a cikin Abuja, inda ofis yake, mutum yana zaune a bayan mota an matse shi ba abin yi sai latsa waya, abin kuwa yana buɗewa a waya. Sai na dinga zubawa. Na ofis, na gida, duk abin da ya faɗo mini a rai.

Litinin aka kunna majigi, yaron ya jona kwamfutarsa, allon ya fito ƙato a bango. Aka fara daga hagu. Layin Hajiya kati uku, duk an gama, aka wuce. Layin mutanen talla babu komai, Oga ya wanke su tas. Da aka zo nawa sai da yaron ya yi ta gangarawa ƙasa bai kai ƙarshe ba. Oga ya buga tebur ya ce, "Kun gani? Ga wanda ya ɗauki abin nan da muhimmanci. Malam, tashi tsaye su gan ka."

Na tashi. Wallahi har da gyara hula.

Daga inda nake rubutun ƙanana ne, ban gane mene ne a bangon ba, ni dai a zatona rahotannina ne kaɗai za su fito. Sai Oga ya ciro tabarau ya ce a ƙara girman rubutun, zai karanta da kansa don kowa ya ɗauki darasi. Na farko lafiya, rahoton wata. Na biyu lafiya. Na uku ya karanta da irin muryar da ya fara da ita, ko sassautawa bai yi ba, "Bashin mai shayi, naira 4,500." Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya sake duban bango, ya ce, "Wannan ai ya yi ja, ya makara." Wani ya yi tari a baya. Ni ina tsaye, na ce ranka ya daɗe wannan ba na nan ba ne, ya ce a'a bari mu gani, ai tsari ne.

"Kai wa surukai shinkafa kafin a sake yin waya." Ja.

"Karɓo waya daga Banex, kada a yarda da sabon farashi." Ja.

"Tsire ranar albashi." Wannan ne kaɗai aka danna an fara.

Zuwa nan Hajiya ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta kawai kake gani suna rawa, Madam ta sashen ma'aikata da ba ta jin Hausa sosai tana ta zungurin na kusa da ita wai a fassara mata, shi kuma ɗan albarka yana fassarawa da ƙarfi, wato duk abin da aka karanta sau biyu nake jin sa. Esi yana aiki amma zufa har cikin takalmina. Na yi wa yaron kwamfuta ido ya zare waya, na ƙara yi masa, shi kuwa sai ya ɗauka cewa nake ya gangara ƙasa, ya gangara. Rannan ne ko ƙiftawa wuta ba ta yi ba, ofishin da kullum sai an tada janareta sau ba adadi.

Sai ga katin Juma'a.

Shi wannan ban bar shi haka ba, na yi masa ƙananan matakai a ciki, irin waɗanda ake dannawa ɗaya bayan ɗaya, na kuma sa su fito a fuskar katin saboda in dinga gani. Oga ya gyara zama. "Juma'a, bikin Kaduna." Ya yi shiru. "Yankar tikitin jirgin ƙasa, Kubwa zuwa Rigasa, na safe." Ya ƙara shiru. "Karɓo babbar riga gun mai guga." Sannan a hankali, kalma-kalma, kamar mai karanta wasiyya, "Kiran Oga da ƙarfe 7, a ce zazzaɓi, a rage murya."

Ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan direba da ya shigo kawo makulli kawai, shi ba ma ɗan mitin ba, ya fashe da dariya har da riƙe ƙofa, shi ke nan kowa ya saki. Oga bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya ce, "Malam, Allah ya ba ka lafiya tun kafin ciwon ya zo." Na ce amin. Me zan ce? Amin na ce, da ƙarfi ma. Ya ce, "A rage murya." Ina tsaye fa har lokacin, don ba wanda ya ce in zauna, ni kuma na rasa ta inda ake fara zama.

Amma duk wannan bai ƙona mini rai kamar maƙwabcin teburina ba, kun san shi, mai carbi a hannu yana cin gyaɗar mutane. Ashe tun makon da ya wuce yake ganin komai. Shi allon nan duk wanda yake cikin rukunin zai iya buɗe katin kowa, ya gyara, ya ja shi daga wannan layi zuwa wancan, shi kuwa kullum da safe kafin ya duba imel layina yake fara karantawa. Bai ce mini uffan ba. Muna cin masa tare, muna tafiya Azahar tare. Da na duba daga baya sai na ga shi ne ya danna an fara a katin tsire, ya kuma maƙala sunansa a ciki, wato aikin na mutum biyu ne. A ƙarƙashin katin Juma'a har sharhi ya bari, "Allah ya kai lafiya, a taho da alkaki." Ni sharhi ba na dubawa. Wannan mutumin fa lokacin wahalar kuɗi ta farkon 2023, da ake kwana a layin banki masu POS suna yanka mutane, naira 5,000 a sababbin takardun kuɗi na zaro na ba shi da hannuna saboda ya ce yaronsa ba lafiya, bai biya ba sai bayan Sallah, ta taransifa, ya kuma cire kuɗin caji. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Da na tare shi bayan mitin cewa ya yi shi ya ɗauka da gangan na sa, wai yana ta yaba mini a ransa da rashin ɓoye-ɓoye. Ya miƙo mini gyaɗa. Gyaɗata ce ma, daga durowata.

Yaron kwamfuta kuma har yanzu ya tsaya a kan cewa shi bai ce ba wanda zai gani ba, wai in sirri nake so akwai To Do, can ake rubuta na kai. Yanzu yake faɗa. Ya ma turo imel ga kowa da kowa yana bayani, bai ambaci suna ba, sai dai ya ce "kamar yadda ya faru".

Labari ya riga ni sauka ƙasa, direba ya kai. Da yamma mai shayi ko gaisuwata bai gama amsawa ba ya ce, "Yallaɓai, an ce har a kwamfuta an rubuta, kuma 4,800 ne, akwai ƙwai ɗaya na ranar Laraba." Na biya rabi.

Oga ya buɗe sabon kati da hannunsa, ya maƙala sunana, haɗa rahoton kwata, wato na wata uku, wa'adi Juma'a ƙarfe 4 na yamma, a kawo masa ofis hannu da hannu. Tikitin dai yana nan a wayata, da sunana ne, ban ma san yadda zan yi da shi ba. Babbar rigar kuma mai guga ya ce ba a gama ba.