Marubutan korona, ina labarin agola?

Wai har yanzu littattafan da ake turo mana a guruf-guruf na WhatsApp in sun taɓo lokacin korona salo ɗaya ne: Alhaji ya maƙale a gidan bene ba tafiya Dubai, ya zauna da matansa, uwargida da amarya suka shirya, agolan gidan da aka tsana ya koma ɗan lele. Abin nan ya ishe ni wallahi.

Kullen da suke bayarwa ma na Kano ne da Abuja suka kwaso. Mu nan Damagaram ba a rufe mu cikin ɗaki ba, Yamai aka killace. Abin da ya same mu a watan Maris na 2020 shi ne rufe lakwal, wato makarantun boko, da masallatai da hana taro, har matasan garin Mirya da ke kusa da mu suka yi bore kan hana sallar jam'i, ga iyakar Najeriya a rufe tun Agustan 2019, kasuwa ta riga ta mutu.

To rufe lakwal ɗin nan wa ya fi ci? Yaron da uwarsa ta shigo da shi gidan wani. Da can da safe ya fice, sai azahar, mijin uwa bai cika ganinsa ba. Yanzu ga shi tsakar gida wuni guda, mai gida ɗan kabu-kabu ne ya dawo da abin da bai kai jikka ba, ido na kan kwano ana ƙirga loma, kishiyar uwa na sakin habaici, 'ya'yan mai gida na cewa ba gidanku ba ne, uwar kuma ta rasa bakin magana don in ta tanka igiyar aurenta ce ke rawa. A gidan Alhaji kowace mace da sashenta da tankin ruwanta, gaba ma sai an ga dama. A unguwar Kara-Kara ko Garin Malam murhu ɗaya, makewayi ɗaya, rediyo na cewa a yawaita wanke hannu a garin da ruwa sai an saya bido-bido wurin 'yan garuwa, kuma agola ake tura wa layin famfo.

Masu cewa ai labari nishaɗi ne, mutane sun gaji da talauci, su riƙe hujjarsu. Masu karatun nan da yawansu sun zauna da agola gida ɗaya, wasu su ne agolan. Tsoron rubuta talaka kuke don ba ya kawo mabiya, shi ya sa ko ya fito a labarinku sai dai mai gadi ko 'yar aiki.

Marubutanmu na Damagaram ku shiga unguwa ku zauna da zawarawan da suka sake aure da 'ya'ya a hannu, ku tambaye su yadda suka yi daga Maris zuwa Yuni da aka buɗe lakwal.