Horar da ungozoma bai isa ba, sai an riƙe ta a ɗakin haihuwa

Jariri ya faɗo ya tsala kuka, 'yan uwa a waje sun fara barka, amma ungozoma ba ta saki jiki ba tukuna. Hannunta na kan marar mai jego, tana lalube ta ji ko mahaifa ta ɗaure. In ta ji laushi, ta san jini na tafe. Nan take za ta murza mahaifar, ta yi allurar oxytocin mai sa mahaifa ta ɗaure, ta duba ko mabiyiya ta fito duka, ta duba ko akwai yagewa. Jinin da ya kai rabin lita bayan haihuwa ya zama abin tashin hankali, kuma mace mai cikakkiyar lafiya kan iya rasuwa cikin 'yan sa'o'i idan babu mai ido a kanta.

Zubar jini shi ne kan gaba wajen kashe masu haihuwa a duniya. Sai hawan jini mai kai ga jijjiga, da ciwon da ke shiga jiki bayan haihuwa. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna mata kusan 260,000 suka mutu a 2023 sanadin ciki ko haihuwa, wato mace guda kusan duk minti biyu, kuma kimanin kashi 70 cikin ɗari a ƙasashen Afirka kudu da Sahara. An samu sauƙi, domin adadin ya ragu da wajen kashi 40 cikin ɗari daga shekarar 2000. Amma alkawarin da ƙasashe suka yi shi ne kafin 2030 a sauko ƙasa da mace 70 a duk haihuwa 100,000, ga shi a 2023 muna kan 197.

Abin da ke damuna shi ne maganin ba ɓoyayye ba ne. An daɗe da sanin magnesium sulphate na tare jijjiga. A 2023 aka fitar da sakamakon wani gwaji mai suna E-MOTIVE da aka yi a asibitocin Kenya, Najeriya, Afirka ta Kudu da Tanzaniya. Leda ce mai awo ake shimfiɗawa ƙarƙashin mai haihuwa, jinin ya taru a ciki a ga yawansa da ido maimakon a yi kirdado, sannan a haɗa duk matakan ceto lokaci guda. Mummunan zubar jini ya ragu da kashi 60 cikin ɗari. To wa zai shimfiɗa ledar, wa zai karanta awon da ƙarfe uku na dare? Rahoton halin da aikin ungozomanci ke ciki a duniya na 2021 ya ce ana da giɓin ungozomai 900,000, kuma cike shi zai iya ceton rai miliyan 4.3 a kowace shekara kafin 2035.

Da an ji wannan sai a ce a buɗe makarantu. A buɗe, ban ƙi ba. Sai dai akwai ƙasashe da dama da yarinya za ta gama karatun jinya ko ungozomanci, ta ci jarrabawa, ta karɓi lasisi, sannan ta zauna gida shekaru tana jiran a ɗauke ta aiki, alhali cibiyar lafiya ta karkara ba ta da mai karɓar haihuwa. Wadda aka ɗauka kuma ita kaɗai ce a kan mata huɗu masu naƙuda, babu wuta, babu firjin da zai adana oxytocin daga zafi, babu motar da za ta kai mace tiyata, albashi na zuwa a makare. Idan ta samu hanyar Ingila ko Kanada ta tafi, ni ban ga laifinta ba. Tana da iyali, tana kuma son ta yi aiki inda ba za ta riƙa kallon mutuwar da ta san yadda ake hanawa ba.

Akwai kuma raini. Har yanzu wasu na ɗaukar ungozomanci a matsayin inda ake faɗawa in an rasa gurbin likitanci. Wannan kuskure ne. Tun ƙarni na 19 Suwidin ta rage mutuwar masu haihuwa da horarrun ungozomai, kafin a samu magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Siri Lanka da Malesiya sun bi sawu a tsakiyar ƙarni na 20, suka baza su har ƙauyuka, suka biya su, suka haɗa su da asibitin da za su tura mace in abu ya fi ƙarfinsu.

Ƙasashe masu arziki ma da nasu nauyin. Tun 2010 suka amince da ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya kan ɗaukar ma'aikatan lafiya daga ƙetare, kuma a 2023 aka lissafa ƙasashe 55 da bai kamata a shiga farautar ma'aikatansu ba. Ƙa'idar ba ta tilasta wa kowa. Ina ganin duk ƙasar da ta kwashi nas ko ungozomar da wata matalauciyar ƙasa ta horar, ta zuba kuɗi a horarwa da albashin waɗanda za su maye gurbinta, kuma a rubuta haka cikin yarjejeniya kafin jirgi ya tashi.