Ba sammu aka yi maku ba, barci ne ba ku yi

Shekaranjiya da asuba na fito zan tafi masallaci nan Tudun Wada a Gusau, sai na iske samari huɗu kan benci gaban shagon mai cajin waya, kowa hasken waya ya cika mai fuska. Ba wai sammako suka yi ba, a'a, ba su kwanta ba ma tukuna. Cikinsu har da ɗan yayata da ke rubuta NECO, littafin bayoloji bisa cinya TikTok a hannu. Na ce kai mi kake yi nan? Wai kawu karatu nake, yau sai na ga safiya. Da azahar ya dawo ido jawur yana cewa da aka ba shi takarda kansa ya ɗauke wuta, uwar kuma har ta fara zancen ko hannu aka sa mai, a nemo rubutu. Wlh raina ya ɓaci.

Ƙannena ku saurara. Abin da ka karanta da rana kamar damin gero ne da ka ɗaure ka bari a gona, bai zama naka ba sai ya shiga rumbu, kuma cikin barci ake wannan dakon. Akwai wani ɗan sashe can cikin ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira hifokamfas, nan sabon abu ke fara sauka, to in barci ya yi nauyi sai ya dinga maimaita abin yana miƙa shi inda zai zauna ya daɗe. Kai ka hana dakon, sannan ka zo ka buɗe rumbu a zauren jarabawa kana mamaki babu komai. To wa ya yi maka sammun?

Kuma wannan ba zancen jiya ba ne. Tun 1924 wasu malamai biyu a jami'ar Cornell ta Amurka, Jenkins da Dallenbach, suka ba ɗalibai biyu kalmomi marasa ma'ana su haddace, in sun yi barci bayan haddar sai su riƙe da yawa, in sun zauna ido biyu sai ta zube. A 1994 wasu masu bincike, Wilson da McNaughton, suka sa wa ɓeraye na'ura a ka, suka ga ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka yi aiki tare lokacin da ɓera ke yawon neman abinci su ne suka sake tashi tare bayan ya kwanta. Wato ɓera ma tilawa yake cikin barci! Dabbar teku da ake kira dolfin, wadda shayarwa take kamar akuya, dole ta riƙa tasowa shaƙar iska amma duk da haka ba ta bar barci ba, rabin ƙwaƙwalwa ke kwanciya rabi na gadi, sai su yi canji. Dabba cikin ruwa ta samo dabara, kai ɗan Adam da katifarka ka ce kai ka fi ƙarfin barci saboda garaɓasar datar dare.

Ita datar daren nan ita ta gama da mu. Ƙarfe biyu kana onlayin, ƙarfe uku kana gardamar ƙwallo da wanda ba ka taɓa gani ba, wasu ma ba ƙwallon ba ce caca ce, kuɗin kabu-kabun da aka sha rana aka tara a zuba wa bet cikin dare ɗaya, wannan kuma maganar wata rana ce. Sannan a bi da goro da Nescafe da lemun ƙara kuzari wai a kori barci. Goro ba ya biyan bashin barci, mai bin bashin kawai yake tsayarwa a ƙofa, kuma zai shigo, ko a aji ko kan babur tsakiyar titi. Masana sun ce matashi na buƙatar awa 8 zuwa 10, babba 7 zuwa 9, ku ko biyar kuna samu? A 2013 wata mai bincike Maiken Nedergaard da abokan aikinta a jami'ar Rochester ta Amurka sun nuna a jikin ɓeraye cewa cikin barci ne ruwan ƙwaƙwalwa ya fi wanke dattin da ya taru da rana. Ka yi sati kana raba dare sannan ka ce wai kai mantuwa ke damunka, ka sa gishiri sau biyu, ka manta raka'a nawa ka yi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku yi karatunku da rana da bayan magariba, ku ajiye wayar nan, ku kwanta, iyakar abin ke nan, ban san mi zan ƙara ba.

Mu da muka taso, ana sallar isha'i gari ke yin tsit sai kukan kare, don an san Manzon Allah (SAW) ba ya son hira bayan isha'i, kuma dare mahutar bawa ne. Malaminmu na allo ya biya maka da yamma, ka kwanta, da asuba a hura wuta ka tashi ka ji karatun ya zauna daram. Tsofaffin nan ba su san hifokamfas ba amma sun haddace izu sittin, wasunsu har yau ka ja masu baƙi su ƙarasa maka. Yanzu yaro lambar wayar babansa ma sai ya duba. Sahun asuba kuwa duk furfura ce, samarin na can lokacin suke jan bargo.

Na ce wa Yaya ta bar zancen rubutu ta karɓe wayar yaron ƙarfe goma, ta ce to. Jiya wajen ƙarfe biyu na fito kewayawa, na hango haske ta ƙasan ƙofar ɗakinsa. Yau lissafi gare su.