Abin da ke sa babban mutum ya raɗa wa 'yar tsana suna

A shekarar 2025 an yi ta cece-kuce a ƙasar Birazil a kan wasu 'yan tsana da ake ƙerawa su yi kama da jarirai sabbin haihuwa, kamannin da sai mutum ya matso kusa sosai kafin ya gane cewa ba sa numfashi. Bidiyoyi sun yaɗu na mata magidanta suna sa musu kaya, suna tura su a keken jarirai zuwa wuraren shaƙatawa, har ta kai ga wasu 'yan majalisa sun gabatar da ƙudurorin hukunta duk wanda ya rungumo irin wannan 'yar tsana don ya tsallake layi ko ya nemi a duba ta a asibitin gwamnati. Mafi yawan waɗanda suka kalli abin daga nesa sun yanke hukunci nan take cewa taɓin hankali ne. A ganina an yi gaggawar yanke wannan hukunci, domin masu tara 'yan tsana suna da yawa a duniya, maza da mata, akasarinsu kuma mutane ne masu sana'a da iyali da cikakken hankali, waɗanda suka san sarai cewa abin da ke hannunsu roba ne da ƙyalle. Duk da wannan sani suna raɗa musu suna, suna cewa wannan tana da kunya, waccan tana da tsiwa, kuma ransu yana ɓaci idan ɗaya ta karye. Tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce yadda sanin gaskiya da wannan shaƙuwa suke zama a zuciya ɗaya ba tare da sun ture juna ba.

Wani ɓangare na amsar yana cikin yadda aka halicci tunanin ɗan Adam. A 1944 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Fritz Heider da Marianne Simmel, sun nuna wa ɗalibai wani ɗan gajeren fim wanda babu komai a cikinsa sai zane mai kusurwa uku babba, da wani ƙarami, da ɗan da'ira, suna yawo a kewayen wani akwati mai ƙofa. Da aka ce su faɗi abin da suka gani, in ban da mutum ɗaya duk sun ba da labari irin na masu rai: babban azzalumi ne mai faɗa, ƙananan biyun masoya ne, ɗaya ya ɓuya saboda tsoro. Idan zanen da ba shi da ido ba shi da baki ya isa ya sa mutum ya hango niyya da hali, to abin da aka sassaƙa masa fuska ba zai sha wahalar yin haka ba. Masanin dabbobi Konrad Lorenz ya ƙara da cewa akwai siffofin da ke tayar da tausayi a zuciyar babba ko da bai shirya ba, wato babban kai, da faffaɗan goshi, da manyan idanu, da kumatu masu tudu, kuma masu ƙera 'yan tsana sun daɗe da sanin wannan tun kafin a rubuta shi a littafi.

Sai dai wannan bayani ya tsaya ne a kallon farko, bai kai ga shaƙuwar da ke shafe shekaru ba. Ita wannan shaƙuwa, a fahimtata, daga wahalar da mutum ya sha take fitowa. A 1999 kamfanin Volks na Japan ya fito da wasu 'yan tsana da ya kira Super Dollfie, masu gaɓoɓi da aka haɗa da igiyar roba ta ciki, ta yadda za su zauna, su lanƙwasa gwiwa, su karkata kai. Ana iya buɗe bayan kan a canza idanu, a sauya gashi, a goge fuskar a sake zana ta. Mai irin wannan 'yar tsana zai iya shafe makonni yana gwada launin ido, ya ɗinka riga ya warware, ya sake zana gira domin ta farkon ta sa fuskar ta yi kama da mai fushi alhali shi mai sanyin hali yake nema. Idan daga baya ya ce jan kaya ba ya yi mata, ko kuma ba ta son a ajiye ta kusa da wance, yana bayyana ne wani hali da shi da kansa ya gina a hankali, zaɓi bayan zaɓi, har ya zama yana da ƙa'idar da shi ma ba ya son ya karya. Marubucin labari yana yin irin wannan magana game da mutanen da ya ƙirƙira, ya ce wane ba zai taɓa faɗin haka ba, kuma babu mai cewa a kai shi asibiti.

Mu ma wannan ba baƙon abu ba ne a gidajenmu. Yarinya takan sami guntun kara ko ƙashi, ta je wurin tela ta roƙi ragowar ƙyalle, ta ɗaura wa 'yar tsanarta zani da ɗankwali, ta goya ta a baya, ta tara ƙawaye a yi tuwon ƙasa a yi bikin suna, wani lokaci har da aure da kai amarya. Idan ƙaninta ya taka 'yar tsanar, kukan da za ta yi na gaske ne, kuma uwa mai hankali ba ta ce mata ai kara ne kawai, rarrashinta take yi ta taimaka a ɗaure abin da ya karye. Likitan yara ɗan Ingila Donald Winnicott ya yi rubutu a farkon shekarun 1950 a kan irin wannan abu da yaro ke riƙewa, bargo ne ko 'yar tsana, ya ce yana zaune ne a tsakanin duniyar cikin zuciya da duniyar waje, kuma manya sun yi ittifaƙi ba tare da sun furta ba cewa ba za su matsa wa yaro da tambayar ko abin gaskiya ne ko ƙirƙira ba. Ya kuma yi nuni da cewa wannan fili ba ya rufewa da girma, daga cikinsa ne fasaha da wasa da ƙirƙira suke ci gaba da fitowa. Abin da ya raba mai tara 'yan tsana da sauran jama'a shi ne bai sauya kayan aikinsa ba bayan ya girma.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne wurin rashi. Jariran roba da aka yi rigima a kansu a Birazil sun samo asali ne daga Amurka a shekarun 1990, kuma aikinsu na haƙuri ne ƙwarai: ana shafa launi sama-sama sau da yawa har jijiyoyi su fito a fatar, ana dasa gashi da allura sili-sili, sannan a cika jikin da ƙananan duwatsun gilashi har nauyinsa ya kai na jariri, kan kuma ya riƙa langaɓewa sai an tallabe shi. Hannun da ya taɓa ɗaukar jariri yana gane wannan nauyi kafin tunani ya ce komai. Yawancin masu sayensu sha'awar aikin hannun ce ta ja su, amma a cikinsu akwai matan da suka yi ɓari, da waɗanda jaririnsu ya koma, da waɗanda ba su taɓa haihuwa ba. Wanda ya san yadda ake gaya wa irin wannan mace cewa ta yi haƙuri wani zai zo, sannan kowa ya watse ya bar ta da kayan jariran da ta tanada, zai yi jinkiri kafin ya yi mata dariya. A ƙasar Yarbawa, inda haihuwar tagwaye ta yi yawa, al'adar gargajiya ta tanadi sassaƙen itace da ake kira ere ibeji idan ɗaya daga cikin tagwaye ya rasu, uwa ta riƙa yi masa wanka, tana shafa masa mai, tana sa masa ado. Aƙidar da ke ƙarƙashin wannan al'ada daban take da tamu, amma buƙatar da ta haife ta sananniya ce, wato hannun da ya saba da hidima yana neman inda zai sauke ta.

Kaɗaici ma yana da nasa rabo. Binciken da masana halayyar ɗan Adam Nicholas Epley da Adam Waytz da John Cacioppo suka wallafa a 2007 da bayanta ya nuna cewa mutum ya fi saurin jingina halin mutane ga dabbobi da na'urori a lokacin da yake jin ba shi da kowa. A ƙauyen Nagoro da ke tsibirin Shikoku na Japan, wata mata mai suna Tsukimi Ayano ta koma gida ta tarar matasa sun tafi birane, tsofaffi kuma suna ta rasuwa, sai ta fara ɗinka mutum-mutumi masu girman mutane, wasu da kamannin maƙwabtan da suka tafi, ta zaunar da su a bakin hanya da gonaki da azuzuwan makarantar da aka rufe a 2012 saboda rashin yara. Yau sun ninka mazauna ƙauyen sau da yawa. Ana iya kallon wannan a ji tausayi, amma ni abin da na gani a ciki shi ne mace da ta ƙi yarda a manta da waɗanda suka zauna a wurin.

Akwai kuma masu neman fuskar da ba su samu ba suna yara. Taofick Okoya ya fara ƙera 'yan tsanan Queens of Africa a Legas bayan ya rasa baƙar 'yar tsana da zai saya wa wata yarinya a danginsa, kuma Haneefah Adam daga Ilorin ta yi suna a duniya saboda ɗinka wa Barbie, shahararriyar 'yar tsanar Amurka, hijabi da dogayen riguna. Babbar mace da ta sayi irin wannan ta ajiye, sau da yawa wani tsohon giɓi take cikewa.

Abin da ya fi damuna a wannan harka shi ne 'yan kasuwa, domin sun gane tun da daɗewa cewa shaƙuwa ta fi roba tsada. Barbie da Ruth Handler ta fito da ita a 1959 an ba ta cikakken suna da iyaye da garin haihuwa da saurayi. Xavier Roberts ya wuce nan da 'yan tsanan Cabbage Patch: ya buɗe wani wuri a garin Cleveland na jihar Jojiya da ya kira asibiti, ma'aikata suna sanye da kayan jinya, kowace 'yar tsana tana zuwa da takardar haihuwa da takardar riƙo, kuɗin da aka biya kuma ana kiransa kuɗin ɗaukar riƙo. A ƙarshen 1983 iyaye sun yi ta dambe a kantunan Amurka a kansu har wasu suka ji rauni. Kamfanin American Girl, wanda Pleasant Rowland ta kafa a 1986, ya fara ne da sayar da kowace 'yar tsana da littafin tarihin rayuwarta, yana da wurin gyaran gashi da asibitin gyara. Halin da mutum ya gina da hannunsa nasa ne, amma halin da kamfani ya rubuta ya liƙa a kwali dabara ce ta sa a ji cewa barin 'yar tsana a kanti tamkar yasar da maraya ne. Idan aka haɗa wannan da fitar da 'yan kaɗan da gangan don a yi rububi, sai a sami mai ƙaramin ƙarfi yana cin bashi saboda tsoron kada wadda ya ƙwallafa rai a kanta ta ƙare. A nan ne ya kamata suka ta sauka, amma an fi sauke ta a kan matar da ke tura keken jariri.

Mai karatu Musulmi zai tambayi matsayin addini, kuma tambaya ce da ta dace. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A ruwayar Abu Dawud ya ga doki mai fukafukai biyu a cikinsu, ya tambaye ta, ta ce ai Annabi Sulaimanu yana da dawakai masu fukafukai, ya yi dariya. Daga nan malamai suka yi rangwame ga yara, da yawansu kuma suka taƙaita shi gare su, suka tsananta a kan babba ya ajiye siffa cikakkiya don ado, saboda haka wanda abin ya shafa malami zai nufa. Amma ko a wajen fiƙihu akwai iyaka bayyananna tsakanin wanda ya ce 'yar tsanarsa tana da tsiwa yana sane da cewa shi ya ƙaga, da wanda ya yi imani cewa wani ruhi ya shiga cikinta. Na biyun shi ne abin da ya faru a Tailan wajajen 2016 da 'yan tsanan luk thep, waɗanda ake kaiwa a yi musu addu'a don su kawo arziki, har wani kamfanin jiragen sama ya yarda a saya musu kujera. Haɗa waɗannan mutane biyu a hukunci ɗaya zalunci ne ga na farkon.

Ma'aunin da nake ganin ya dace da iyalin da ke da irin wannan mutum mai sauƙi ne. A duba ko yana cin abinci, yana fita aiki, yana biyan haƙƙin waɗanda ke ƙarƙashinsa, yana zumunci, kuma yana iya ajiye abin ya yi tafiya. Masu wannan sha'awa da yawa ta dalilinta suka koyi ɗinki da ɗaukar hoto, suka sami abokan da suke haɗuwa da su a taruka. Idan kuwa uwa ta daina kula da 'ya'yanta masu rai, ko ta fara musun cewa jaririnta ya rasu, wannan ciwo ne da ke buƙatar likita, kuma ƙwace 'yar tsanar ko ƙona ta a gabanta ba zai warkar da shi ba, sai dai ya sa ta daina faɗa wa kowa abin da ke ranta. Gidajen kula da tsofaffi masu cutar mantuwa a Birtaniya da wasu ƙasashe suna amfani da 'yan tsana don kwantar da hankalin marasa lafiya masu yawan firgita, kuma ƙa'idar da ma'aikatan ke bi ita ce a ajiye ta inda tsohuwa za ta gani ta ɗauka da kanta idan tana so, kada a tilasta mata, kada a yi mata gardama a kan sunan da ta kira ta da shi, kuma kada a ɗauke ta ba tare da an gaya mata inda za a kai ta ba.