Taswira ba ta san gawo ba

Jama'a, akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Da daminar bara wasu samari uku masu bincike suka sauka ƙauyenmu, nan gefen Baturiya a ƙasar Haɗejia, za su yi nazarin yadda za a kare daji. Tun daga ofis suka zaɓo wuraren da hoton tauraron ɗan'adam: duk inda ya fi kore, nan suka ɗiga alama. Mai unguwa ya ce in raka su.

Muka yi ta ratsa gonaki, waya tana cewa saura mita 200, saura 50. Da muka isa, wallahi kachala ce iya ganinka. Ciyawar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa, ta hana masunta sakat, ta zama matattarar jan-baki masu cinye mana shinkafa. Wai ita ce dajin! Alama ta biyu kuwa darbejiya ce zalla, shukar jiya-jiya.

Kada a ce na raina taswira. Taurarin Landsat tun 1972 suke ɗaukar hoton ƙasa, daga 2008 kuma kowa na iya samu kyauta. Mai son ganin yadda gatari ya ci dajin Falgore shekara bayan shekara, da wuya ya sami shaidar da ta fi wannan. Amma kowane ɗigo a hoton fili ne mai mita 30 tsawo da faɗi. Kore kawai yake gani, bai san kanya ba, bai san kachala ba.

Gawo ma ya fi ba ni haushi. Kowane yaro a nan ya san da damina yake zubar da ganye, sai rani ya yi ya tofo, awaki su samu abin ci. To, hoton watan Agusta suka duba. Gonar kawuna da gawo ya cika, a takardarsu fili ce fetal.

Ina laifin a zaɓi wuri a kwamfuta, amma kafin a kafa turke a zauna da mafarauta, makiyaya da matan da ke yin itace?

Da yamma muka haɗu da wani dattijon Bafulatani yana koro shanu. Ɗaya daga cikin samarin ya ce, "Baba, ina tsofaffin itatuwa suka rage?" Ya nuna gabas da sandarsa. Tafiyar rabin awa muka tarar da kanya, tsamiya da goruba cunkus a bakin wata fadama. Wurin ba ya cikin jerinsu, sai da biro suka ƙara shi a bayan takarda.